Rabin Ƙafa

Tun daga shataletalen Ƙofar Ƙaura na san ta gaji.
Na taka totur, inji ya yi rurin bajimi,
tayoyi suka ce ba da su ake ba.
Wani mai kurar ruwa ya wuce ni a hawa.
Sai ƙauri,
kamar an mance wake a kan murhu.

Fijo ce, fayif-o-fayif, irin mai zafin nan.
Ta Yaya Sada ce, ni gado na ci.
A zamaninsa, in ji shi,
sai a zuba masa shayi a Daura yana Katsina,
ya iske shi bai huce ba.
Ba mu taɓa yarda ba. Ba mu taɓa musu ba.

Malam Rabe bakanike bai ɗaga bonet ba ma.
Ya shinshina, ya tofar da tuƙar goro,
ya ce wa yaransa: a ɗaga ta.
Aka shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da rigingine,
ƙafafunsa kaɗai na gani, da silifa wari daban-daban.
Farfela ta fito. Kik ya fito.
Notuna suka taru a gwangwanin madara.
Wani noti guda a can sama ya ƙi,
ya ci sufana biyu da fatar ɗan yatsa
kafin azahar ta raba su.
Mutum huɗu suka sauke giyabos da igiya,
a hankali, yadda muka sauke Yaya.

Faifan kuloci ya suɗe har ƙusa.
Bayansa ga fulawil,
zagayayyen ƙarfe mai haƙora, mai nauyin dutsen niƙa,
fuskarsa duk tabo, shuɗi-shuɗi,
da tsaga sirara irin ta kaushin diddige.
Idon Malam Rabe ya yi rauni, da yatsa yake karatu.
Ya shafa, ya shafa, ya ɗago:

“Wannan ba ƙahwar Sada ba ce.
Shi in ya taka ya taka, in ya saki ya saki.
Kai ko rabi kake ajewa bisa kai,
ba ka tahi ba, ba ka tsaya ba.
Ƙarhe ba ya son wasi-wasi.”

Na yi dariya don yaran na kallo.
Amma na tuna takardar neman canjin aiki
da ta shekara bakwai a aljihun motar,
da filin Sabuwar Unguwa da na zuba wa bulo
har ciyawa ta haye shi,
da gaisuwar da nake ta shirin kai wa matar Yaya.

Kwana uku muka jira kaya daga Kano.
Rabin albashi ya bi su.
Ya wanke sabon da fetur,
ya ɗaure notuna tsallake-tsallake, wannan sai na gabansa,
ya saita faifai da guntun tsohon shaf
da yake ɓoyo a tsumma kamar laya.
Sannan ni a kujera, shi a ƙasa, yana kira:
taka, taka, riƙe!
Saki.
Taka, riƙe!
Har iska ta gama fita daga mai.

Ya ce in lallaɓa ta wata guda. Na ce to.
Amma da na wuce Mashi hanya ta miƙe,
na danna har ƙasa, na jefa ta huɗu,
na ɗauke ƙafa ɗungurungum.
Kujera ta tokare ni a baya
daidai inda yakan dafa ni in na yi nawa.

Tsohon fulawil ɗin ban sayar wa ’yan gwangwan ba.
Yana rataye a darbejiyar makarantarmu.
Ƙarfe bakwai da rabi nake buga shi da kaina,
bugu ɗaya, da dukkan hannu.